Sallamar da Iya Ba Ta Ji Ba

A shekarar da idanun Iya suka rufe gaba ɗaya, ni na zama idonta. Iya kakata ce, mahaifiyar Baba, ɗakinta ne na farko idan an wuce soro na biyu a gidanmu na unguwar Koki a birnin Kano. Iyayenta daga Borno suka zo, ita kuwa a cikin birni aka haife ta, amma ta riƙe sana'ar gidansu ta haɗa turaren wuta da humra har ƙarfinta ya ƙare. Ko bayan ta daina aika kaya kasuwar Kurmi, ɗakin bai daina ƙamshi ba. Ya shiga bango, ya shiga katifa, ya shiga zannuwan da ke cikin adaka. In na buɗe jakata a makaranta, ƙawayena sukan ce na zo musu da Iya.

Ba ta taɓa damuwa da talabijin ba sai da ta makance. Da can ita ce talabijin ɗin gidan, mu jikoki muke zagaye ta tana yi mana tatsuniya. Da muka girma muka watse, shiru ya yi mata yawa, sai Baba ya sa aka kafa mata wata 'yar ƙarama a kan kabad. A lokacin ana nuna wani fim mai dogon zango duk ranar Asabar da ƙarfe biyar, ya ƙare daf da kiran magariba. Irin wanda ake waƙa a ciki ne, kowane kashi waƙa uku ko huɗu. Muka raba aiki: ita ta saurari magana, ni in gaya mata abin da ake nunawa.

"Ƙawata," haka take kirana, "wannan mai murya kamar an taka wutsiyar kyanwa, kyakkyawa ne?"

"Kyakkyawa ne, Iya. Dogo, ga saje."

"Allah mai rabo. Ya ba shi fuska, ya hana shi maƙogwaro."

"Ke dai kin ji haushi ne ba ke yake rera wa ba."

"Ni? Da ƙuruciyata ko bakin soronmu wannan bai isa ya tsaya ba. Me yarinyar ta sa?"

Labarin wata yarinya ce da ta yi sa-in-sa da mahaifiyarta a ƙauye, ta ɗauki jaka ta taho birni don ta zama mawaƙiya. A kashi na tara aka koma ƙauyen. Aka nuna uwar zaune a bakin ƙofa da yamma, kwanon tuwo a rufe kusa da ƙafarta. Maƙwabciya ta leƙo ta tambaye ta na waye, ta ce na baƙo ne. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Sai sarewa ta fara, ita kaɗai, babu ganga, daga baya murya ta biyo. Waƙar ba ta ambaci 'yar ba ko sau ɗaya. Da kwanon take magana, tana roƙonsa ya riƙe ɗuminsa, kada ya huce tukuna, hanya ce da nisa.

Na manta da aikina. Sai da waƙar ta ƙare na tuna ban gaya wa Iya komai ba. Na juya zan fara bayani, ta ɗaga mini hannu.

"Bar shi. Na gani." Ta jima tana murza carbinta ba tare da ta ja ba. "Wanda ya rubuta wannan yana da uwa."

Har yau ina ganin a nan ƙarfin fim ɗin yake. Mu mutane ne da ba ma faɗin abin da ya fi yi mana ciwo. Uwa ba za ta zauna ta ce tana kewar 'yarta ba, in ma ta faɗa a fim, ba za mu yarda ba, za mu ce ba a haka. Amma idan aka rufe mata baki aka bar waƙa ta faɗa, sai mu yarda, domin waƙa ba ta jin kunyar kowa. Kuma sun yi dabara: duk lokacin da yarinyar ta ga kwano a rufe a birni, ko a gidan biki ko a wajen mai abinci, sai a saki sarewar nan kaɗan, kamar numfashi biyu. Ba a cewa komai. Iya takan riga ni ganewa. "Ta tuna gida," in ji ta, tun kafin in buɗe baki.

Dole in faɗi dalilin da ya sa waƙar ta zauna wa Iya haka. Baba yana da yaya mace, Gwaggo, ita ce 'yar farin Iya. A al'adar da Iya ta tashi, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Tun daga yaye ma yayar Iya ce ta ɗauke Gwaggo ta riƙe ta. In ta kama dole a ambace ta, Iya takan ce "waccan". Gwaggo ta yi aure, suka koma Jos da mijinta. Shekara tara kafin wannan lokacin da nake ba da labari, 'yarta guda ɗaya ta rasu bayan gajeriyar jinya. Iya ta je ta'aziyya, ta zauna can gefe cikin mata, ta ce "Allah ya ba da haƙuri" kamar yadda maƙwabta suka ce, ta juyo Kano a ranar. Ummanmu ta ce a mota Iya ta rufe kanta da mayafi tun daga Jos har Kano, mayafin ya jiƙe sharkaf. Amma Gwaggo ba ta ga mayafin ba. Abin da ta gani shi ne ta binne 'yarta, uwarta ko hannunta ba ta riƙe ba. Daga nan ba ta sake taka Koki ba. Da salla takan kira Baba ta ce a gaishe da mutanen gida.

Iya ba ta taɓa cewa a kira ta ba. Ba za ta iya ba. Sai dai duk Asabar, da zarar an fara rubutun ƙarshe na fim ɗin, takan ce:

"Tsohuwar fa?"

"Ba a nuna ta ba yau, Iya."

"To. Wataƙila mako mai zuwa."

Mako mai zuwa ya yi ta zuwa. Abin da ya faru shi ne samari biyu sun shigo labarin, ɗaya mai kuɗi, ɗaya mai kiɗa, suka cinye shi ƙurmus. Kashi bayan kashi ana abu ɗaya: wa za ta aura? Kuma na fara lura da wata ɗabi'a ta masu fim ɗin. Duk inda labari ya kai wajen da ya kamata mutum biyu su zauna su yi magana mai wuya, sai su gudu cikin waƙa. A tsinci yarinyar a wani lambu mai ciyawa shar, ta sauya kaya sau biyar, ana juyi. In waƙar ta ƙare, an wuce wajen, kamar an yi maganar, alhali ba a yi ba. Waƙar kwano ta tura labarin gaba, ta nuna mana abin da ba mu sani ba. Waɗannan kuwa tsayar da shi suke yi, minti bakwai, su dawo da mu daidai inda suka ɗauke mu. Mutane ma sukan ɓace. Akwai wata ƙawar yarinyar mai ban dariya da aka aika ta sayo kati, har yau ba ta dawo ba.

"Me suke yi yanzu?" Iya ta tambaye ni wata rana.

"Rawa. Ta sa kore."

"Ɗazu kika ce shuɗi."

"Ta sauya."

"Yarinyar da ta zo birni da jaka ɗaya? Jakar nan tata ta fi Kurmi kaya." Na yi dariya, ita ba ta yi ba. "Sun ajiye mata a bakin ƙofa da kwano, sun tafi yawon lambu. Ni da nake yi muku tatsuniya, na taɓa tura wani rafi na bar shi a can? Ko na manta, ke za ki fara tuna mini."

A cikin damina ƙafafunta suka fara kumbura. Likita ya ce zuciya ce, ya rubuta magunguna, ya ja Baba gefe suka yi magana ƙasa-ƙasa. Ta daina fita tsakar gida shan hantsi. Hancinta ma, wanda da yake iya gaya maka an rage miski a humra tun daga soro, ya fara ƙi. Wata rana na sa mata turare a kasko, ta ce in daina ɓarnar gawayi, ba ta jin komai.

A makon ne wata ƙawata a makaranta ta ce ai an saki sauran fim ɗin duka a intanet, gidan talabijin ne suke baya. Na zauna a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya tsakanin lacca da lacca, na yi ta tura shi gaba a waya ina neman tsohuwar. Na kai har ƙarshe. An yi biki, an yi waƙa mai 'yan rawa kusan talatin, amarya ta sa ja. Ba a koma ƙauyen ba. Ko a baki ba a ambaci uwar ba. Na kashe wayar, na ƙirga Asabar ɗin da suka rage, bakwai, na tuna yadda likita ya ja Baba gefe. Na ga Iya za ta ƙarar da abin da ya rage mata tana jiran matar da masu labarin suka riga suka manta.

Ban shirya yin ƙarya ba. Asabar ta zo, ina zaune a gefen katifarta, aka shiga waƙa ta biyu. Sai ga sarewar. Ita ce dai, ta kwano, amma sun ɗauko ta sun ɗora wa waƙar soyayya, yarinyar tana zagaya wani famfo mai feshin ruwa tana jiran saurayi. Wannan ne laifinsu da na fi kasa yafewa. Iya ta yunƙura ta ɗago kanta daga matashi, abin da ta kwana biyu ba ta yi ba.

"Tsohuwar ce?"

Na dubi fuskarta. Na ce, "Ita ce."

Daga nan bakina ya tafi da kansa. Na ce ga yarinyar ta sauka daga mota a bakin hanyar ƙauye, da jakarta ta farko. Na ce ta wuce ƙarƙashin wata ɗorawa, yara suna kallonta. Na ce rana ta yi ja, awaki suna komawa gida. Muryar yarinyar ce kaɗai a waƙar, kalmomin kuma irin nasu ne na kullum, kewa da jira, don haka ba su tona ni ba. Na ce ta shiga gida, ta durƙusa, ta ɗora kanta a cinyar uwar. Na ce uwar ta buɗe kwanon, tururi ya tashi. A talabijin kuwa yarinyar ta sauya zuwa ruwan hoda tana watsa furanni.

Iya ta saurara har ƙarshe. Ta mayar da kanta kan matashi a hankali.

"Kin iya labari, ƙawata. Tururin nan ya yi kyau." Sai ta ƙara da cewa, "Amma ban ji sallama ba."

Na rage ƙarar talabijin ɗin.

"'Ya ta yi shekaru ba ta gida, ta faɗo wa uwarta kamar kaza? Ko masu fim ɗin nan, da duk wautarsu, da sun tsayar da kiɗa an ji ta. Ai sallamar ake jira, ba tuwon ba." Ta lalubo hannuna. "Ba ta dawo ba ko?"

"Ba ta dawo ba."

"Har ƙarshe?"

Ashe ta san zan leƙa. Na ce har ƙarshe.

"To kashe. Kada ki sake kunna mini."

Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Na rufe talabijin ɗin da wani tsohon ɗankwali, na je na yi alwala.

Washegari na sami Baba a soro na ce a kira Gwaggo. Ya ce ya kira ta sau uku tun da likita ya yi magana, kullum sai ta ce in sha Allahu. Na karɓi lambarta na kira ta. Tun ina 'yar shekara goma sha uku rabon da in gan ta, ban san ma ta ina zan fara ba. Bayan gaisuwa sai na ji kaina ina ba ta labarin fim, tun daga jakar har kwanon. Ta bar ni na gama.

"To, ni me ya haɗa ni da fim, 'yar nan?"

"Gwaggo, wata biyar ke nan duk Asabar tana tambayata ko 'yar ta koma gida."

Na ji numfashinta a wayar.

"Ta ambaci sunana?"

"Kin san ba za ta ambata ba."

"Na sani," in ji ta. Ta kashe.

Kwana goma sha ɗaya babu labari. Ranar wata Alhamis da hantsi, ina shafa wa Iya man kaɗanya a ƙafa, sai na ji tsakar gida ta yi tsit, har mai daka ta dakata. Labule ya motsa. Wata mata ce mai kama da Baba, ta rame, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwalinta. Leɓɓanta suna motsi amma babu abin da ke fita. Ta ga yadda Iya ta koma, sai ta sulale ta zauna a nan bakin ƙofa, ta toshe bakinta da mayafi.

Na ce, "Iya, Gwaggo ce ta zo."

Iya ta juya fuskarta bango.

"Ƙawata, ki bari. Sau ɗaya ya isa."

Ban taɓa jin magana ta sare ni irin wannan ba. Ga 'yarta taku huɗu daga katifarta, ta yi tafiyar da ta shekara tara ba ta yi ba, ni kuma na riga na kashe gaskiyata a kan wata waƙar lambu. Na ce wallahi ita ce. Iya ta ce kada in yi rantsuwa a kan wasa. Na dubi Gwaggo don ta yi magana, ta girgiza kai tana kuka.

Na tashi na durƙusa kusa da ita, na raɗa mata, "Gwaggo, koma soro ki yi sallama."

Ta dube ni kamar na zare. Mace mai shekara hamsin da ɗoriya, 'yar ƙaninta tana korar ta waje. Na ce don Allah. Ta dafa bango ta miƙe, ta fita. Na koma na riƙe ƙafar Iya kamar ina ci gaba da shafa mai. Mun jima. Ina jin tantabarun maƙwabta, ina jin wani mai gyaran takalmi yana wucewa ta lungu yana buga akwatinsa.

"Assalamu alaikum."

Muryar ta karye a tsakiya. Ƙafar Iya ta sandare a hannuna. Ba ta amsa ba.

"Assalamu alaikum."

Wannan ta fi fitowa. Iya ta juyo daga bango, idanunta da ba sa gani suna kan ƙofa, bakinta a buɗe kaɗan. Na tsorata, domin in aka yi ta uku ba a amsa ba, mai sallama juyawa yake yi. Na buɗe baki zan amsa, ta matse mini yatsu. Ina jin so take ta ƙara ji.

Da aka yi ta uku, ta amsa da muryar da na yi wata biyu ban ji ba, har tsakar gida aka ji ta.

"Wa alaikumus salam. A shigo."

Gwaggo ta shigo ta durƙusa a gaban katifa. Na zaci yanzu za a yi maganar da aka shekara tara ana bin juna. Ba a yi ba. Iya ba ta kira sunanta ba, ba ta ce ta yi kewarta ba, ba ta ambaci Jos ba. Ni ta fuskanta.

"Ƙawata, duba madafa ko akwai abin da ya rage, a kawo wa baƙuwa. A ɗumama."

Amma hannunta yana ta lalube a kan shimfiɗa har ya sami gefen mayafin Gwaggo. Ta naɗe shi a yatsunta biyu. Na kawo abincin, Gwaggo ta ci da hannu ɗaya a durƙushe, don ba ta so ta motsa. Har aka kira azahar Iya ba ta saki ba.

Kwana shida suka samu. Gwaggo ce take juya ta, take ba ta kunu a cokali, ita ta karɓe shafa man daga hannuna. Ban ji sun yi wata doguwar magana ba, wataƙila sun yi ba na nan. Iya ta rasu ranar Laraba bayan la'asar. Na sha zama ina auna shekara tara da kwana shida, ban taɓa samun sun yi daidai ba.

Gwaggo ta zauna har arba'in. Wata Asabar muna ninke zannuwan adaka, ta ga ɗankwalin da ke kan talabijin, ta ce in kunna mata ta ga abin da tsohuwa take saurare. Aka yi dace kashin ƙarshe ne. Ga 'yan rawa, ga fitilu, ga ango mai saje. Ban san lokacin da na ce, "Amarya ta sa ja, Iya," ba. Na ji maganar ta faɗa kan katifar da babu kowa.

Gwaggo ba ta dube ni ba, ta ci gaba da ninki. Da aka fara rubutun ƙarshe, ta ce:

"Mai kwanon fa? An nuna ta?"

Na ce, "Ba a nuna ta ba, Gwaggo."

Ta ɗaga wani zane ta kai hancinta, ta daɗe a haka. Ana kiran magariba na mayar da ɗankwalin inda yake.